Nukiliya ko Hasken Rana: Wanne Layin Wutarmu Zai Iya Ɗauka?

Mutanen Kaduna da yawa ba su san cewa tukunyar nukiliya, wato injin da ke fitar da zafi daga ma'adinin yuraniyom, ɗaya tilo da Najeriya ta mallaka a jiharsu take ba. Tana Zariya, a cibiyar bincike da horo kan makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun 2004 take aiki. Ƙarama ce ƙwarai, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta kimanin kilowat 30 kacal, ba ta ba ko gida ɗaya wuta. Masana na amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci, da kuma horar da ɗalibai. A 2018 aka kwashe yuraniyom ɗinta mai tsananin tacewa aka mayar Sin, aka sa mata irin wanda ba ya yi wa mai neman haɗa makami amfani. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana karatu da noma da kasuwanci a kewayenta. Saboda haka duk wanda zai yi jayayya da nukiliya a garin nan, ya zo da hujjar da ta wuce tsoro.

Maganar ta sake tasowa a duniya. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe sama da ashirin sun yi alkawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050, kuma a wannan taron aka amince a ninka makamashi mai sabuntawa, wato rana da iska da ruwa, sau uku kafin 2030. A 2025 Bankin Duniya ya janye haramcin da ya daɗe da sa wa kansa na ba da rancen gina tashoshin nukiliya. Mu ma ba baƙi ba ne a zancen: tun 1976 aka kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, a 2017 aka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, har an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina tashoshin. Ra'ayina shi ne, nan da shekara goma sha biyar ba nukiliya ce za ta kunna wa Kaduna fitila ba, rana ce da ruwa da iskar gas. Dalilina ba aibun nukiliya ba ne, halin da layin wutarmu da aljihunmu suke ciki ne.

Sai an fara ba nukiliya haƙƙinta, don abin da take da shi babba ne. In aka ɗura wa tukunya mai, takan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tana aiki dare da rana ba tsayawa. Ba ruwanta da hadari, ba ruwanta da hazon hunturu, ba ta jiran madatsar ruwa ta cika. A Amurka tashoshin nukiliya kan ba da sama da kashi 90 cikin ɗari na iyakar abin da za su iya a shekara, alhali gonar sola, ko a wuri mai rana sosai, kashi 20 zuwa 25 take bayarwa, tunda dare na yi. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da ke da mai da gas da rana, ta ɗauko 'yan Koriya ta Kudu suka gina mata tashar Baraka mai tukwane huɗu, megawat 5,600. An fara gini a 2012, tukunyar farko ta ba da wuta a 2020, ta ƙarshe a 2024, yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ƙasar daga can yake. Wannan tasha guda ɗaya ta kai duk abin da ke bin babban layin Najeriya a rana mai kyau.

Irin wannan wuta masana'anta ke so. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu irin su KTL da Arewa da UNTL ke aikin dare da rana ya san injin saƙa ba ya son a ɗauke a kawo. In wuta ta yanke, zare ya tsinke, rini ya lalace a tukunya, sai an yi asarar awanni kafin a koma daidai. Ba wuta kaɗai ta kashe masaƙun ba, akwai fasa-ƙwaurin atamfa da tsufan injina da tsadar baƙin mai, amma babu mai kuɗin da zai dawo ya zuba jari a Kakuri ko Kudenda alhali rabin ribarsa za ta tafi a cikin tankin janareta. Mai cewa a sa wa kowane gida fanel a huta bai amsa wannan tambayar ba.

Maganar haɗari kuma, abin da ya faru a tashar Canobil ta Yukiren a 1986 da ta Fukushima a Japan a 2011 gaskiya ne, an kwashe garuruwa, wasu har yau ba a koma ba. Amma in aka raba yawan rayukan da aka rasa da yawan wutar da aka samar, nukiliya na sahu ɗaya da rana da iska, can ƙasa da kwal da man fetur, waɗanda hayaƙinsu ke kisa a hankali ba tare da an buga labari ba. Mu da muke jin labarin iyali guda sun kwanta da janareta a kunne a zaure an wayi gari babu ko ɗaya, bai kamata mu ɗauka abin da muke amfani da shi yanzu shi ne mai aminci ba. Ta wajen ɗumamar yanayi ma, hayaƙin da nukiliya ke jawowa tun daga haƙar ma'adini har rushe tasha kusan daidai yake da na iska, ya ma ɗan gaza na sola.

To ina matsalar take? Tana kan wayoyin wuta. Injiniyoyi na da wata ƙa'ida da hukumar nukiliya ta duniya ma ke ambata: kada inji guda ya wuce kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfin layin ƙasa baki ɗaya. Dalilin shi ne, wutar da ake samarwa da wadda ake sha dole su daidaita a kowace daƙiƙa. In babban inji ya tsaya farat ɗaya, sai sauran su cike giɓin nan take, in ba haka ba injinan su riƙa kare kansu suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta faɗa duhu. Najeriya na da injinan da a takarda sun kai megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yana tsakanin 4,000 da 5,000, kuma bai taɓa kai 6,000 ba. Egbin ta Legas, babbar tasharmu mai megawat 1,320, injina shida ne, kowanne 220. Tukunyar da Rasha ke sayarwa yanzu megawat 1,200 ce ita kaɗai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da layinmu ke ɗauka. Ɗora ta a kan wannan layi, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba: tashar nukiliya ita ma tana buƙatar wuta daga waje. Ko an kashe tukunya, man da ke cikinta na ci gaba da fitar da zafi na kwanaki da makonni, dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa. Abin da ya faru a Fukushima ke nan. Tukwanen sun tsaya da kansu da aka yi girgizar ƙasa, amma layin waje ya yanke, igiyar ruwa ta nutsar da janaretocin ko-ta-kwana, zafi ya taru har mai ya narke. Yanzu a tuna Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Mando ke kwance saboda ɓarnar da aka yi wa turakunsa, ɗaya layin da ke shigowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, Arewa ta haura mako a duhu. Masu ƙanƙara suka rufe, kuɗin cajin waya ya tashi, ruwan leda ya yi wuya, asibitoci suka koma kan dizal. Gyaran ya ja lokaci ne don ma'aikata ba sa iya shiga dajin sai da rakiyar jami'an tsaro. A shekarar kaɗai babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama. Da a ce akwai tashar nukiliya a Geregu a wannan makon, da Kaduna ba ta ga ko ƙyallinta ba, tunda hanyar da wutar za ta biyo ce ta yanke.

Sai kuɗi da lokaci, kuma a nukiliya su biyun abu ɗaya ne. Man tukunya ba shi da tsada in aka kwatanta da wutar da yake bayarwa. Ginin ne ke cin dukiya, kuma bashi ake ci a yi shi. Duk shekarar da aka ƙara ana gini, ruwan bashi na hawa, ba a sayar da ko yunit ɗaya ba. Amurka ta gina tukwane biyu a Vogtle ta jihar Jojiya, an yi kiyasin dala biliyan 14, aka ƙare sama da biliyan 30, da jinkirin shekara bakwai. Faransa, uwar masu wannan sana'a, ta fara tukunyar Flamanville ta uku a 2007, sai ƙarshen 2024 ta haɗa ta da layi, kuɗin ya ninka kusan sau huɗu. Rasha da Sin da Koriya sun fi su sauri, gaskiya ne, don suna gina iri ɗaya a jere hannunsu bai huce ba. Masar ta fara tata a Daba'a a 2022, megawat 4,800, da rancen dala biliyan 25 daga Rasha. Irin wannan bashi da dala ake biya, wuta kuwa da naira ake sayarwa, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne tarihinmu da dogon aiki. Tashar Kudenda mai megawat 215 tana nan bakin gari, an ba da kwangilarta tun 2009, aka yi ta shekaru ba ta fara ba da wuta ba. Tashar ruwa ta Mambilla mai megawat 3,050 an fi shekara arba'in ana ambatonta, ta ƙare a gaban masu shari'a. Tashar nukiliya na son shekara goma zuwa goma sha biyar na shiri da gini, sannan shekara sittin na kulawa ba sakaci, da hukumar sa ido wadda za ta iya cewa a kashe tukunya ko ran shugaban ƙasa bai so ba. Gwamnati uku ko huɗu za su shuɗe kafin a kunna. Masu kare nukiliya kan ce ai ga ƙananan tukwane nan tafe, na megawat ɗari ko ɗari uku, da za su dace da layi irin namu. Tunanin na da kyau, ina ma fatan ya tabbata. Sai dai har yanzu a Rasha da Sin kaɗai ake da ƙalilan masu aiki, kuma aikin kamfanin NuScale da aka fi sa wa rai a Amurka an soke shi a 2023 da farashi ya tashi.

Wasu kan ce ai yuraniyom na maƙwabta, ga Arlit nan a Nijar. Tun 1971 ake haƙa a can, amma Nijar ta shafe shekaru tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. Yuraniyom ɗin da ke fitowa daga ƙasa, ɓangaren da ke ci a tukunya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sai an tace shi ya kai uku zuwa biyar, kuma ƙasashe ƙalilan ke da masana'antar, Rasha ce kan gaba. Mallakar ma'adini daban, mallakar mai daban. Sola ma ba ta 'yantar da mu ba ta wannan fuska, don sama da kashi 80 cikin ɗari na fanel ɗin duniya a Sin ake ƙera su.

Ita rana ba ta jira an gama muhawara ba. Farashin fanel ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, na batirin litiyom ma ya bi sahu. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sai lissafi ya juya. Ka ɗaga kai a Unguwar Rimi ko Malali ko Barnawa ka ga rufin gidaje. Ka duba masallatai da shagunan magani da rijiyoyin burtsatse. Ka je bakin fadama ka ga masu noman rani sun fara ajiye injin fetur suna jan ruwa da fanel. Fakistan ta ga irin wannan da girma, inda a 2024 kaɗai aka shigo da fanel na kusan megawat 17,000, yawancinsu mutane da 'yan kasuwa ne suka saya da kuɗinsu. Fifikon rana shi ne ana sayenta gutsure-gutsure. Mai fanel biyu ya fara cin moriya yau, in ya samu hali ya ƙara huɗu baɗi.

Amma masu haɗa ta sun fi kowa sanin iyakarta. Na ji wani matashi mai wannan sana'a yana yi wa wani dattijo bayani a shagonsa, dattijon na so a haɗa masa wadda za ta ɗauki firji da na'urar sanyaya ɗaki har asuba. Yaron ya jawo takarda ya ce, "Baba, fanel ba shi ne tsadar ba. Rana kyauta take ba ku wuta, dare ne kuke saye. Kuɗin batirin da zai kai ku asuba ya fi na fanel da inbata a haɗe." Ya ƙara masa da cewa in hunturu ya shigo sai an sa yaro ya hau yana wanke ƙura, in ba haka ba caji ya ragu, kuma a watan Agusta akan yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba. Dattijon ya yi shiru, ya ce a rage, a bar fanka da fitila da firji.

Shi wannan yana da abin ragewa. Mai walda a Panteka, da mai injin niƙa a Tudun Wada, da tela mai keke uku a Kawo, yawancinsu ba su da miliyoyin da za su ajiye lokaci guda, kuma injinansu na fizgar wuta da ƙarfi a tashin farko, irin fizgar da ƙaramar inbata ba ta jurewa. Akwai kuma illar da ke biyo baya. In masu hali da manyan 'yan kasuwa, waɗanda su ne masu biyan kuɗi da yawa, suka janye daga layi, kamfanin rarraba wuta zai rasa kuɗin gyaran taransifoma da waya, sai nauyin ya koma kan talakan da ba shi da mafita. Sola ta kan rufi na ceton gida, amma ba ta gina gari.

Abin da zai gina gari shi ne manyan gonakin sola da ke zuba wuta a layi, kuma a nan ne muka yi baya. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da gwamnatin tarayya kan samar da megawat sama da 1,100, galibi a Arewa, aka tsaya jayayya kan farashi da lamunin gwamnati har maganar ta bi ruwa. Gonar iska ta Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, ta fi shekara goma ana fama. Wadda aka buɗe a Kumbotso ta Kano a 2023 ita ma megawat 10 ce. A tsakanin nan Masar ta kammala Benban kusa da Aswan a 2019, kusan megawat 1,500. Wato cutar da za ta kashe nukiliya, rashin mai saye da za a amince zai biya, ita ce ta riga ta kashe waɗannan. Bambancin shi ne gonar sola ana gama ta cikin shekara ɗaya ko biyu, in an yi rabi rabin na ba da wuta, tukunyar nukiliya kuwa ko an yi kashi 95 babu abin da take bayarwa.

In aka yi lissafi, tukunya mai megawat 1,200 na ba da wutar da sai gonakin sola na kusan megawat 5,400 za su bayar a shekara. Filin da za su ci zai kai murabba'in kilomita ɗari, a jihar da ke da kusan 46,000. Fili ba ƙaramin abu ba ne a wurin da noma da kiwo ke gogayya, sai an zauna da masu gonaki an biya su haƙƙinsu, amma ba shi ne cikas ba. Cikas ɗin dare ne, kuma a nan Allah Ya yi wa yankin nan wata baiwa da ba a cika kula da ita ba. Kogin Kaduna da ke ratsa gari shi ne ke juya injinan Shiroro mai megawat 600 da Zungeru mai 700 a jihar Neja, ga Kainji da Jebba a kan kogin Kwara, ga ƙaramar Gurara mai 30. Ruwan da ke bayan madatsa ajiyar wuta ne. In rana na ɗauke da gari daga hantsi zuwa la'asar, sai a rage sakin ruwa, a adana shi zuwa magariba lokacin da kowa ya koma gida ya kunna kaya. Injin ruwa kan tashi cikin mintuna, ba kamar tukunyar nukiliya da ta fi son a bar ta a kan ƙarfi ɗaya ba. Lokutan ma sun dace da juna: da rani da bazara ruwa na ja baya rana na ƙuna, da damina hadari na rufe sama madatsai na cika. Giɓin da ya rage, musamman na masana'antu, iskar gas ce za ta cike shi in bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020, ya fara kawo kaya. Gas na da hayaƙi, ban musa ba, amma bai kai na dizal da fetur ɗin da muke ƙonawa a kowane lungu ba.

Shara kuwa kowanne na da tasa. Ta nukiliya kaɗan ce a auna, amma haɗarinta na dubban shekaru ne; Finlan ta haƙa mata rami mai zurfin sama da mita 400 a cikin dutse. Ta sola tana zuwa mana tun yanzu: matattun batiran darma da ake fasawa a bayan kasuwa da hannu ba safa, a zubar da ruwansu a kwata. Wanda ya tuna yaran Zamfara ɗaruruwa da gubar darma ta kashe a 2010, ko da yake ta haƙar zinare ce, ya san wannan ƙarfe ba abin wasa ba ne. Muna tsoron sharar da ba mu da ita, mun kau da kai daga wadda ke ƙofar gida.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Da ni ake shawara, da Kaduna ta fara da abin da ke hannunta: gonakin sola na megawat ashirin zuwa hamsin a kusa da tashoshin rarraba wuta na Mando da Kakuri da Zariya da Kafanchan, da batir na 'yan awannin yamma, don ko dogon layi ya yanke asibitoci da matatun ruwa da kasuwanni su tsira, mita a kowane shago da gida, don mai zuba jari ya ga ta inda kuɗinsa za su dawo, da rance mai sauƙi ga ƙungiyoyin masu sana'a su haɗa tasu a kasuwa ɗaya maimakon kowa da janaretansa. Tarayya kuma ta ninka hanyoyin da wuta ke shigowa Arewa ta tsare su. Masana nukiliya da muke horarwa a ci gaba da riƙe su da kyau, kada su watse ƙasashen waje, hukumar sa ido kuma a ba ta kuɗi da 'yanci. Ranar da layin ƙasa ya haura megawat 15,000, ya yi 'yan shekaru a jere bai faɗi ba, kuma masu samar da wuta na karɓar kuɗinsu cif, zan goyi bayan a zauna da masu sayar da tukunya a yi ciniki.